Yadda ake sa yaran nazare su raɗa wa lungun wasansu suna da kansu

Shekarar da na fara riƙe ajin nazare na raba dare ina yanka kwali ina shafa kala, na rubuta wa lungun wasan yara suna da Turanci, manyan baƙaƙe har da zanen fulawa a gefe, na manna da salatif, da safe ina ta jiran yabo. Mai makaranta kam ta yaba. Yaran ko kallo bai ishe su ba, har zangon ya ƙare ban ji bakin da ya kira sunan ga ba ko sau ɗaya, in suna son zuwa sai dai ki ji "Malama mu tahi wurin tukwane?" Wurin tukwane, sunan da sunka sa mai ke nan, ni kuma ina ta gyara masu baki sai ka ce ni ke wasan. Daga baya na gane ashe suna da gaskiya, wanda ke zaune cikin gida shi ya san sunan gida.

To ga yadda nake yi yanzu, zan zayyana maki daki-daki. Ina cewa "ki" don galibi mata ne mu a wannan aiki, malamai maza ku yi haƙuri ku ɗauka da ku nake.

Lungun wasa dai shi ne kusurwar nan ta aji da ake ware wa yara su yi wasan kwaikwayon manya, yau shago gobe asibiti jibi madafa, irin dai tuwon ƙasa da auren 'yar tsana da munka yi a ƙofar gida, sai dai yanzu an shigo da shi aji. Wani masanin Rasha, Lev Vygotsky, a wata lacca da ya yi a 1933 ya kawo misalin yaron da ke hawa sanda ya ce doki ne, ya nuna cewa a nan ne yaro ke fara raba abu da ma'anarsa. Mu nan ba sai an yi mana lacca ba, dokin kara muna da shi tun kaka da kakanni. Abin lura shi ne yaron da ya iya kallon karan dawa ya ce "doki na", ai ya riga ya iya raɗa suna, ke dai ba ki ba shi fili ba ne. Kuma abin ba ya cin kuɗi. Tun da dokar ilimin bai-ɗaya, wato UBE, ta 2004 ta shigo da rainon ƙananan yara cikin ilimin tushe, firamare da yawa na gwamnati suna da ajin share fage, wani ajin tabarma ce kawai da allo da yara cike, to ko a irin wannan ana iya yi. Abin da kike buƙata: littafi da biro, kwalin indomi ko na sabulu, maka ko gawayi, marafan goran ruwa ko na lemo adadin yaranki, kwanoni uku, da tsohon zane ɗaya.

Mataki na farko, ki bar shi ba suna har kwana bakwai

Jariri ma sai ya kwana bakwai ake raɗa mai suna, haka nake gaya wa yaran kuma nan take suke ganewa don kowa cikinsu ya taɓa zuwa gidan suna. Ki shirya lungun da kayanki, gwangwanayen madara da kinka daddake bakinsu don kar su yanka hannu, faifai, ludayi, 'yar ƙwarya, kwalayen magani da babu komai ciki, tsohuwar wayar da ta mutu, ƙyallayen tela, sai ki ce masu wurin ga jariri ne bai da suna tukuna, ku yi ta wasa mu ga halinsa. Ki manna farar takarda ba rubutu a inda allon sunan zai zauna, za ki ga suna ta tambaya "Malama mi na na?", wannan tambayar ita ake so.

Aikinki a kwanakin nan kunne ne. Ki zauna nesa kaɗan kamar kina duba littattafai, kina rubuta abin da suke cewa. Mi suke kiran wurin in suna gayyatar juna? Mi suke sayarwa? Sau da yawa ke kin shirya madafa su kuma sun mayar da ita tashar mota ko shagon caji, kar ki hana, abin da sunka mayar da shi shi za a raɗa wa suna ba abin da ke kanki ba. Ajina na bara na shirya masu shago, rana ta biyu munka iske wata mussa, wato kyanwa ko mage ga waɗanda ba Sakkwatawa ba, ta kwana cikin kwalin da munka yi teburi da shi, shi ke nan duk wasan makon ya koma kanta, ana sayar mata nono ana ba ta canji.

Na biyu, ki nuna masu cewa komai da dalilin sunansa

Wannan zama ɗaya ne ko biyu, minti goma-goma, kar ki ja. Ki fara da sunayensu. Wa ake ce ma Altine a gidanku, wa ake ce ma Laraba ko Jummai ko Ɗanjuma? Ranar da anka haife su ce ta ba su sunan. Auta fa? Gambo fa, mai bin tagwaye? Akwai yaron da uwarsa ba ta faɗin sunansa don alkunya, ɗan fari ne ko mai sunan surukinta, sai dai ta ce Baba ko Abba, yara na son wannan hirar ƙwarai don kowa na da labarin da zai kawo. Daga nan ki fita da su cikin gari da baki, Kofar Marke, Rijiyar Ɗorowa, Gawon Nama, ki tambaye su wa ya san marke, wa ya taɓa shan ɗorowa, wa ya ga akuya na cin 'ya'yan gawo, su ji cewa itatuwa ne cikin sunayen unguwanninmu. Kasuwar Kara mi ake sayarwa can, Kasuwar Daji fa, mi ya sa ake ce ma wata Tsohuwar Kasuwa? In makarantarku na bakin titi ki tsaya da su bakin get riƙe da hannun juna su kalli allunan shaguna, mai hoton keken ɗinki, mai hoton almakashi da kai, su faɗi da kansu mi ake yi ciki tun ba ki karanta masu ba.

Na uku, tattara sunaye, kuma nan ne yawancinmu ke ɓata abin

Ki yi shi da sassafe kafin a fita tara. Kin dai san Sakkwato, daga Maris zuwa Mayu zafi na wuce digiri 40, ƙarfe sha ɗaya ta yi ba yaron da zai iya tunanin komai sai ruwa. Kuma kar ki tara aji duka ki jefa tambaya, yara uku masu baki za su cinye zaman, sauran su yi ta maimaita abin da sunka ji. Ki ɗauke su shida-shida ko takwas-takwas ki zauna da su cikin lungun kansa, ƙasa kan tabarma, sauran suna wani aiki da mai taimaka maki, in ba ki da mai taimako ki raba abin kwana biyu ko uku, ba tsere ake ba.

Yadda kinka yi tambaya shi ke kawo amsa. In kinka ce "wane suna za mu sa ma wurin ga?" ɗan shekara uku sunansa zai faɗa maki, ko sunan ƙanwarsa. Gara ki ce "in kin koma gida Inna ta ce ina kinka yi wasa yau, mi za ki ce mata?" ko "in baƙo ya zo yana neman wurin ga, mi zai ce ma mai Keke Napep?" ko ki ɗauki 'yar tsana ki sa ta yi tambayar da siririyar murya, wallahi yaron da bai taɓa yi maki magana ba sai ya amsa ma 'yar tsana.

Duk abin da anka faɗa ki rubuta, da manyan baƙaƙe, gabansu, ki karanta da ƙarfi kina bin rubutun da yatsa, kuma yadda anka faɗe shi. In yarinya ta ce Gidan Hura ki rubuta Gidan Hura kar ki mayar da shi fura, ba jarrabawar daidaitacciyar Hausa ake ba, abin da ake so ta gani shi ne maganar bakinta ta koma rubutu. In akwai Bafulatana ko ɗan Zabarma ko ɗan Yarabawa ko Ibo a ajin ya kawo suna da harshen gidansu, ki karɓa ki ce ya koya mana faɗi, aji duka su maimaita. Sai kuma fuskarki, ki kama ta. Yara sun fi mu iya karatun fuska, da kin ce "kai masha Allah wannan ya yi daɗi" ga suna ɗaya kinka yi shiru ga na gaba, zaɓe ya ƙare tun ba a fara ba. Kalma ɗaya nake amfani da ita ga kowa, "madalla, na rubuta". Kuma don Allah kar ki saka naki cikin jerin kina cewa wai misali ne, ni na taɓa yi, kowa ya bi nawa, na ci zaɓe na koma gida ina jin kunyar kaina.

Masu kunya ki bi su daga baya ɗaya-ɗaya, lokacin da ake sa takalmi ko ana wanke hannu, su raɗa maki a kunne. Wanda ya ce ba shi da suna ki ƙyale shi, zai yi zaɓe.

Na huɗu, tacewa

Za ki iya samun sunaye goma sha biyar ko fi, sai an rage zuwa uku, fiye da uku ɗan shekara huɗu ba ya riƙewa. Akwai waɗanda ke za ki cire da kanki kuma ki faɗa masu dalili a fili. Sunan Allah ko na Annabi ko aya, ban yarda a sa ba, kwali ne zai faɗo a taka shi wata rana a share shi cikin shara, kuma yaranmu masu zuwa makarantar allo da Islamiyya suna gane wannan da wuri. Haka sunan Shehu ko na Sarkin Musulmi, girmansu ya wuce lungun wasa. Sunan yaro ɗaya na ajin, a'a, don gobe zai tsaya bakin wurin ya ce "nawa na, ba ka shiga". Sunan jam'iyya ko ɗan takara da sunka ji a motar kamfe, a'a. Sunan da ke tsokanar wani, ko ƙabila ko kamannin jiki, a'a, manya na iya wasan barkwanci tsakanin Bagobiri da Bayarabe su rabu suna dariya amma yaro bai san iyaka ba. Ki ce ma wanda ya kawo, "sunan ga na da girma ƙwarai, ba mu son shi faɗi ƙasa" ko "wurin na kowa da kowa ne, kawo mana wani". Banda waɗannan kuwa, duk rashin kan gadon suna ki bar shi ya tsaya takara.

Sauran ki haɗa masu kama da juna tare da yaran, Shagon Nono da Gidan Hura ai 'yan uwa ne, wanne za mu bari? Haka-haka har su koma uku. Namu na bara sun tsaya Gidan Hura, Wurin Tukwane, da Kasuwam Mussa, haka yaron ya faɗa da mim ɗinsa haka na rubuta.

Na biyar, ranar zaɓe

Kar ki ce a ɗaga hannu. Za su ɗaga sau uku, wasu hannu biyu, wasu suna kallon babban yaron ajin su ga mi zai yi. Ƙato bayan ƙato ma ba ya yi, kowa bayan abokinsa zai bi ko da bai san layin mi ne ba. Ƙuri'ar sirri ita ce magani. Ki aje kwanoni uku, gaban kowanne ki jingina hoton da ke nuna sunan tun da ba su iya karatu ba, ƙwarya da ludayi, tukunya, mussa, in da hali su yaran ne za su zana ranar da ta gabata ko da zanen ya fi kama da ƙadangare. Ki ɗaura zane tsakanin kujeru biyu ya zama labule. Kowane yaro marfin gora ɗaya. Marfi na ce, ban ce tsakuwa ko ƙwallon dabino ko wake ba, ƙananan abubuwa na tafiya baki da hanci da kunne, kuma ko marfin ma ki ƙirga abinki kafin da bayan. Ki rufe kwanonin da kwali mai huda a tsakiya don kar mai shigowa ya ga wanda ya fi cika.

Suna shiga ɗaya-ɗaya, ke kina tsaye kina faɗa mai sunayen uku. Ga wata dabara da na koya da wahala, ƙananan sun cika ɗaukar abin da sunka ji a ƙarshe, don haka ki riƙa juya jerin, wannan ki fara mai da hura ki ƙare da mussa, na gaba ki fara da mussa. Ke ba ki da ƙuri'a, mai makaranta ma haka.

Ƙirga kuwa gaban kowa ake yinta, a zube marafan kowane kwano a jera su layi-layi kusa da juna kan tabarma, marfi na fuskantar marfi, tun kafin a ƙirga ki tambaye su wane layi ya fi tsawo, sannan a ƙirga tare da ƙarfi ana taɓa kowanne, ɗaya, biyu, uku. Darasin lissafin ranar ke nan kin gama, wanne ya fi yawa, wanne ya fi kaɗan, da nawa ya fi. In anka yi kunnen doki a sake tsakanin biyun gobe, ko ki tambaye su ko a haɗa sunayen, wani lokaci haɗin ya fi kowanne daɗi.

Za a yi kuka, ki shirya. Bara da Kasuwam Mussa ta ci zaɓe, yarinyar da ta kawo Gidan Hura ta yi kuka har da birgima tana "ba haka nan na ba, Malama, nawa ya hi kyau". Kar ki ce mata ai wasa ne, a wurinta ba wasa ba ne, kuma kar ki soke zaɓe don hawaye, gobe kowa zai koyi hanyar. Ki ɗauke ta ki ce na ga ranki ya ɓaci, ki bari ta huce, sannan ki ba sunanta aiki, cikin kasuwa ai akwai rumfuna, to rumfar da ke gefen taga ita ce Gidan Hura kuma ita za ta zana allonta. Sunayen da ba su ci ba duk haka nake raba su, wani ya zama sunan 'yar tsana wani na motar kwali.

Na shida, allon suna

Su za su yi, ke taimako kawai. Ki fara da tafa gaɓoɓi, Ka-su-wam-Mus-sa, tafi biyar, wa ke da sunan da ya fara da irin wannan sauti? In sunan na da ɓ ko ɗ ko ƙ ki nuna masu lanƙwasar, ki faɗi kafa da ƙafa su ji bambanci su yi dariya. Ki rubuta da fensir sama-sama su bi da kala ko su manna 'yan ƙyallaye kan layin, in ba gam ki jiƙa ƙaro ko ki dama sitaci. Ni ina rubutawa da boko a sama da ajami a ƙasa, don da yawa cikinsu sun fara sanin baƙaƙen larabci a makarantar allo kafin su san na boko, sai ki ciro naira 500 ko 1000 ki nuna masu ajamin da ke jiki, in hannunki bai faɗa da ajami ba malamin Islamiyya zai rubuta maki cikin minti ɗaya. Kowane yaro ya sa alamarsa a gefe, ko da zagaye ne ko jan layi, kar ki gyara karkatar, allon da ya yi tsaf da yawa kowa ya san Malama ce ta yi. Ki rufe shi da farar leda saboda ƙurar hunturu, ki rataye daidai tsayin idonsu, ba naki ba.

Na bakwai, ranar suna

Ki sanar da mai makaranta da iyaye tun da wuri, ko ta guruf ɗin WhatsApp ko bakin get, ki faɗa masu a fili ba a neman ko sisi, don da an ji kalmar biki wasu za su zaci karo-karo ne. Mu dai abin da muke yi, a zauna kan tabarma, a lulluɓe allon da zane, yaron da ya kawo sunan ya raɗa ma wani a kunne, shi kuma ya zama sanƙira ya miƙe ya sanar da ƙarfi, a yaye zane, a tafa, a raba biskit ko alawa in akwai. Wani aji sun yi ragon kwali sun ɗaure shi da igiya bakin lungun. Iyakarmu ke nan, ba mu kwaikwayon huɗuba ko addu'ar liman ko yanka, wannan ba abin wasa ba ne kuma iyaye ba za su ji daɗi ba. Minti goma sha biyar ya isa, sai a sake su su shiga wasa.

Daga ranar ke ma sai ki riƙe sunan a bakinki, "su wa ke zuwa Kasuwam Mussa yau", "a kwashe kayan Kasuwam Mussa za a tashi", in kinka koma cewa lungun can, su ma za su saki. Kuma ba suna ne na har abada ba, wata ɗaya ko biyu wasan zai canza, gab da babbar sallah za ki ga wurin ya koma Kara ana cinikin raguna da jajayen awaki har da dillali, da azumi ya koma wurin mai ƙosai da ƙanƙara, damina ta faɗi ya zama gona. Da kin ji sun daina kiran tsohon suna sai ki sauke allon ki rataye shi can gefe, ki sake manna farar takarda, karo na biyu kwana uku ya ishe ku don sun san hanya.

Mai makarantarmu ta so a ƙara fassarar Turanci a ƙasan allon saboda masu zuwa duba makaranta, na ce to, na rubuta ƙarama a kusurwa. Kwana biyu bayan suna wani uba ya zo ɗaukar ɗiyarsa ya tsaya ya daɗe yana kallon allon, sannan ya ce "Malama, wai wane Musa ne wannan da yarinyar ga ta dame mu da kasuwarsa, ɗan wa ne?" Kafin in buɗe baki ɗiyar ta ja shi da riga har bakin kwalin, mussar na kwance ciki tana barci kan kuɗin takarda.